Abin da Ya Hana Mma Dubanka

Zangon Kumasi,
Watan Maris, 1970.

Zuwa ga Yayana Buraima, a Dogondutsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yaya Alima da yara, da dangin Baba da suka karɓe ku hannu biyu. Allah ya sa baƙuncin ya zo da sauƙi, ya buɗe maka hanyar abinci a garin da ba ka taɓa sani ba sai a bakin Baba, Allah ya jiƙansa. Mu nan muna godiya ga Allah. Mun yi Babbar Salla, amma ba ta yi kama da salla ba, domin rabin ƙofofin layinmu a kulle suke tun da aka kori baƙi, kuma naman layya sai da na rasa gidajen da zan kai wa. Maigidana Seini yana nan yana fama da katako a unguwar Anloga, ya ce in gaya maka wurin babu daɗi tun da ka bar rumfarka. Yarana lafiya lau, sai ƙiriniya. Mahaifiyarmu Mma kuwa, zan ce da sauƙi don haka ake cewa, amma a kanta ne na ɗauki alƙalami.

Moro direba, wanda yake kai goro wajenku, ya iso makon jiya, ya zo har gida ya kawo gaisuwarka. Ya lissafo mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Seini da yara, har tsohuwa mai koko ta bakin masallaci ba ka manta da ita ba. Mma tana zaune a ƙofar ɗakinta tana saurare. Ya gama bai ambace ta ba, ta ja tabarmarta ta shiga ciki. Da na raka shi waje na tsare shi, ya yi ta kame-kame, kafin ya faɗa mini cewa ya tambaye ka abin da zai gaya wa Mma, ka ce ba ka san ko tana son jin sunanka ba, tunda ranar da za ka tafi ko fuskarka ba ta duba ba. Wallahi Yaya, da kana kusa a ranar nan da na manta kai ne babba. Na kwana raina a ɓace, da gari ya waye kuma sai fushin ya koma tausayi, domin na tuna abin da ka gani kawai ka sani. Akwai abin da aka hana ni gaya maka. Yau zan gaya maka shi, Allah ya yafe mini saɓa umarnin uwa.

Ka san yadda ciwon idon nan da ake kira Apolo ya yi da garin nan bara. Aka ce ƙurar duniyar wata ce da Amirkawa suka tono lokacin da suka hau can, ta sauko mana a ido, kamar duk faɗin duniya ta rasa inda za ta sauka sai Zango. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi idanu sun kumbura sun yi ja wur, kwantsa ta liƙe su, yana ji kamar an zuba masa yashi. Kowa kuma ya zama likita. Wannan ya ce fitsarin safe, wancan ya ce nonon mai jego, wata ta ce ruwan sikari. Seini, da girmansa da gemunsa, ya yarda aka matsa masa lemun tsami, ya yi tsallen da ban taɓa sanin yana iyawa ba, ya zagaye tsakar gida yana kiran sunayen Allah, yara suna ta dariya a bayan randa. Wani a layinmu ruwan batir ya ɗiga, shi kam ba abin dariya ba ne, har yau idonsa ɗaya bai dawo ba. Amma abin da kowa ya yarda da shi, mai karatu da wanda bai yi ba, shi ne kallo ke kawo ciwon. In mai Apolo ya haɗa ido da kai, to ka kamu. Shi ya sa gari ya cika da baƙin tabarau, mutane suna gaisawa kowa yana kallon ƙafar ɗan'uwansa.

Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ya shiga gidanmu, domin lokacin kana can kana faɗi tashin neman mota. Ka tuna dokar ta faɗo mana cikin azumi, cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Ka tuna kuma yadda kuka yi da Mma. Ita ta ce a Kumasi ta haife ka, ita kanta haifaffiyar Salaga ce, ka tsaya a ga yadda abin zai ƙare. Kai kuma ka ce Yaya Alima ba ta da takarda, ba za ka sa matarka da ’ya’yanka a mota su kaɗai ba. Ku biyun nan taurin kanku ɗaya ne, kuka rabu ranar kowa yana huci. To, cikin kwanakin nan Seini ya kwaso ciwon. Mma ta ɗauko tandun kwallinta, kwallin nan na Makka da take ji da shi, ta ce shi ne garkuwar ido. Kullum da safe sai ta jera mu kamar masu jiran awo, ta sa wa Seini, ta sa wa yara, ta sa mini, sannan ta sa wa kanta, duk da tsinke ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya muka kamu muka warke. Ita ce ta ƙarshe, kuma ana gobe za ku tafi ta tashi da shi.

Ban taɓa ganin Apolo ya kama mutum kamar yadda ya kama ta ba. Farin idon duk ya zama jini, fatar ta kumbura, da ƙyar take buɗewa. Na ce bari in aika a gaya maka, ta riƙe mini hannu ta ce kul. Ta ce in ka ji, ɗayan biyu ne: ko ka fasa tafiya alhali wa’adi ya ƙare ana kama mutane, ko kuwa ka zo ka ɗaga mayafinta ka ce sai ka gani, don ta san halinka ba ka jin bari. Ta ce tafiyarku ta kwanaki ce a bayan buɗaɗɗiyar mota, ga rana ga azumi, ga jaririya Hadija a goye, ita ba za ta zama wadda za ta yi muku guzurin ciwo ba. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Sannan ta ƙulle tandun kwallin nan a tsumma, ta ce in ba Yaya Alima ta riƙa sa wa yara a hanya. Ka san ba ta taɓa ba kowa aron tandun nan ba, ko ni da ta haifa.

Da safe ka zo sallama, sauran kai ma ka sani, amma ka san shi ne daga bakin ƙofa, ni kuwa ina cikin ɗaki. Ka durƙusa a bakin ƙofa, tana zaune ta fuskanci bango, mayafi ya rufe ta har ƙirji. Ka gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ka ce ta yafe maka, ta ce ta yafe, Allah ya kiyaye hanya. Ka jira. Na ga kana jira, Yaya, na ga yadda kake murza hularka a hannu, kana kallon bayanta ko za ta juyo. Abin da ba ka gani ba, bakin mayafin yana cikin bakinta ta cije shi, shi ya sa maganganunta suka fito gajeru. Hannunta yana kan gwiwata, ta damƙe ni har farcenta ya bar mini shaida. Da ka gaji ka miƙe, ka ce to shi ke nan, ka fita. Ni na san yadda ka ɗauki abin, na kuma bar ka ka tafi da shi, domin a lokacin ni ma na yarda cewa ceton idanunku take yi.

Kana fita ta miƙe, ta lallaɓa ta kama bango har bakin taga. Akwai tsagar nan ta jikin katakon taga da muke leƙen masu wucewa tun muna yara. Ta buɗe ido ɗaya da yatsu ta kafa a wurin. Bayanka kawai ta samu, kana ɗauke da akwati a ka, ɗanka Sumana yana riƙe da gefen rigarka. Yaya Alima tana biye da ku, sai Hadija da ke bayanta ta waiwayo, kamar yadda jarirai ke yi ba dalili, ta kalli wajen tagar. Mma ta ja da baya kamar ta taɓa wuta, ta zauna a ƙasa tana salati. Na ce mata babu komai, yarinya ba ta ga kowa ba.

Bayan Ƙaramar Salla labari ya iso ta bakin masu dawowa da motoci, cewa kun yi kwanaki a bakin iyaka ana jiran a buɗe hanya, kuma a can Apolo ya kama Yaya Alima da yara, Hadija ce ta fi shan wuya, idanunta suka liƙe tana ta kuka. Da na san abin da labarin zai yi wa Mma, da na tare shi tun a zaure. Ta ce ita ce. Ta ce duk haƙurin da ta yi ta ɓata shi da leƙe ɗaya, saboda son zuciya. Aka gaya mata sun warke sarai, ta ce ai warkewa daga Allah ce, ciwon kuwa daga ita. Idonta ya daɗe da washewa, amma ta ƙi ɗaga mayafi. In yarana suka shigo ɗakinta sai ta sunkuyar da kai, tana yi musu magana tana kallon tabarma. Abinci sai na tsaya a kanta kamar ɗan sanda kafin ta yi loma biyu. Matar da kullum ita ke fara tashi ta share tsakar gida tana yi wa kowa faɗa, ta koma sai a wuni ba a ji muryarta ba.

Da ƙafafunta suka fara kumburi, numfashinta ya riƙa yin sama in ta yi ’yar tafiya, na matsa mata muka tafi babban asibiti na wajen Bantama. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ya ba da magani, ya ce a rage mata gishiri da damuwa. Gishirin na iya ragewa. A nan wata nas, Ba’asantiya mai fara’a da ta iya Hausarmu ta Zango, ta ce Mma ta ɗaga mayafi a duba idonta. Mma ta ƙi, ta ce ta taɓa yin Apolo, kada ta cuce ta. Matar ta yi dariya, ta ɗaga mayafin da kanta, ta kawo fuskarta dab da ta Mma, ta zuba mata ido har Mma ta ji kunya. Ta ce tun bara take kallon jajayen idanu daga safe har yamma, bai taɓa kama ta ba, domin ba ya bin kallo, kuma babu ruwansa da ƙurar wata. Ta ce hannu yake bi. Mai ciwo ya murza ido ya yi musabaha, ko ya goge fuska da tawul wani ya ɗauka, ko a kwana kan matashi ɗaya. Ta ce yawanci shi da kansa yake tafiya cikin mako ɗaya ko biyu, abin da ake so kawai a tafasa ruwa ya huce a riƙa goge kwantsa da tsumma mai tsabta, kowa da nasa, a yawaita wanke hannu da sabulu. Ta ce waɗanda aka ga sun rasa ido, yawanci ba Apolo ne ya ci idon ba, abin da suka ɗiga ne.

Tana cikin magana sai wani abu ya zo mini a rai. Na bar Mma a kan benci, na bi matar waje na tambaye ta batun kwalli, in tsinke ɗaya ne mutum da yawa. Ta ce ai babu hanyar da ta fi wannan sauri, daga ido zuwa ido kai tsaye. Na tuna jerin da muke yi da safe, na tuna ƙullin da na damƙa wa Yaya Alima da hannuna. Allah kaɗai ya san inda suka kwaso shi, domin an ce motarku ma cike take da masu jan ido, ana shan ruwa da kwano ɗaya. Amma zuciyata ta ba ni tandun nan ne. Ban gaya wa Mma ba, kuma ba zan gaya mata ba har abada. Ina roƙonka kai ma kada ya fito daga bakinka ko na Yaya Alima, ko da wasa, ko a gaban Moro, ka san bakinsa ba ya riƙe ruwa. Tandun ku adana shi, kyautar uwa ce, sai dai kowa ya yi tsinkensa.

Ni a wautata, na dawo ina murna. Na ce yau Mma za ta ci tuwo, tunda ta ji daga bakin masu aikin asibiti cewa leƙenta bai cuci kowa ba. Da muka iso gida ta yi la’asar, ta kira ni, ta tambaye ni ko na yarda da maganar matar nan. Na ce na yarda, ai ta gani da idonta yadda ta kalle ta ba tsoro. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, ashe ke nan da ta juyo ranar nan babu abin da zai same ka. Ashe da ta dube ka har ta ƙoshi. Na je in cire mata ƙaya ɗaya, na soka mata wadda ta fi ta tsawo, kuma har yau ban san ko da na bar ta da ta farkon ya fi ba.

Daga nan ta ce in faɗa mata yadda kake a ranar. Wace riga ka sa, ta ga bayanta amma ba ta ga wuyan ba. Ko ka rame. Ko ka yi aski. Ko idonka ya nuna ka yi barci. Na ce shuɗiyar rigar nan ce mai aikin zare fari a wuya, ka rame kaɗan saboda azumi da zirga-zirga, kuma furfura ta fito maka a gefen gemu. Ta ce furfura kuma, yaushe. Ta sa na maimaita mata tun daga farko, kuma tun ranar kusan kullum sai ta sa na sake, har na fara tsoron ina ƙara abin da ban gani ba.

Kai ɗan fari ne, Yaya, ka san al’adarmu. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai ta ce yayanku, ko shi wancan. Ba ta taɓa zama ta yi hira da kai kamar yadda take yi da ni ba, ba ta taɓa yabonka a gaban mutane ba. Na san tun muna yara abin yana ci maka rai, kana ganin ni ce ’yar gaban goshi, shi ya sa da ta fuskanci bango ka ɗauka ƙarshen abin da ka daɗe kana zargi ne. To ni ce nake zaune kusa da ita shekara da shekaru, bari in gaya maka abin da na gani. Duk ranar da ka zo cin tuwo, sai ta zauna a inda za ta hango ka daga gefe, tana tsintar shinkafa ko tana gyaran kuka, ba ta kallon tiren ko sau ɗaya. In ka ɗago kai ta mayar da idonta. Kai kuma don ladabi kullum kanka a ƙasa. Haka kuka yi ta yi, kai kana kallon ƙasa, ita tana satar kallonka, kowa yana ganin akwai gobe. Ranar da Moro ya tafi bai kawo mata gaisuwa ba, na shiga ɗakinta da magani, na same ta ta fuskanci bangon nan, tana faɗin sunanka a hankali, Buraima, kamar mai gwada kalmar da bai saba ba. Na koma da baya ban bari ta san na ji ba.

Ba zan ce ka zo ba, na san hanya a rufe take gare ku, kuma ba na so a kama ka. Ba zan kuma ɓoye maka ba, jikin nata kullum baya yake yi, kumburin ya hau har gwiwa, salla ma a zaune take yi. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Moro zai juyo da zarar ya sauke goro. Kafin ya taso, ka nemi mai ɗaukar hoto, in babu a Dogondutsi ka je Doso, ka ɗauki hoto ka ba shi ya kawo. Ka sa shuɗiyar rigar nan in tana nan. A ɗauke ka kusa, yadda fuska za ta fito sosai, domin ganinta ya ragu. A sa Hadija a cinyarka idonta a buɗe, Mma ta gani da kanta cewa ya warke. Kada ka ce sai an samu sarari, kada ka ce sai tafiya ta gaba. Ka kuma ba Moro gaisuwarta da bakinka, ka sa ta a farko, kafin ni, kafin mai koko.

Ka gaishe mini da Yaya Alima da kyau, ka ce ina kewar hirarmu ta bakin murhu, Allah ya saka mata da haƙurin da ta yi a hanya. Ka shafa mini kan Sumana, ka ce Gwaggo Zaratu tana nan ta ajiye masa ƙwallonsa da ya manta. Ka sumbaci Hadija. Ka gaishe da Baffa Bawa da iyalinsa da duk dangin Baba, waɗanda na sani da suna da waɗanda ban sani ba. Seini da yara suna gaishe ku, Mamunatu maƙwabciyarmu ma ta ce kada in rufe takarda ban sa sunanta ba.

Na gaya wa Mma ina rubuto maka, ban gaya mata duk abin da ke ciki ba, sai batun hoton. Na tambaye ta abin da zan rubuta daga bakinta. Ta ce a gaishe da Alima, a gaishe da yara, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Na ce saura yayanmu. Har na fara ninke takarda. Sannan ta ce in rubuta maka cewa in ka tsaya gaban mai hoton, kada ka sunkuyar da kai kamar yadda ka saba, ka ɗago ka dube ta.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa takardar nan ta riga komai isowa.

Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zaratu.